Yadda aka bi salsalar Abraham Lincoln har zuwa wani ƙauye a Ingila

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Ina shirya darasi a kan yaƙin basasar Amurka sai na ci karo da maganar cewa shugaba Abraham Lincoln ya fito ne daga tsatson wani yaro masaƙi da ya bar wani ƙauye a Ingila a shekarar 1637. Abin ya ɗaure mini kai. Mutumin da aka haifa a bukkar katako a bakin daji, wanda mahaifinsa da ƙyar yake iya rubuta sunansa, ta yaya za a san kakansa na kusan shekara ɗari biyu baya? Magana ce tabbatacciya, ko kuwa irin abin nan ne da in mutum ya yi suna sai kowa ya ce danginsa ne? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, Malam, amin, tare da kai. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema. Kana son sanin ko salsalar gaskiya ce, kuma kana son sanin hanyar da aka bi aka gano ta. Shakkar da ka yi tana bisa hanya, domin shi kansa Lincoln irinta ya yi, kuma da ita ya koma ga Mahaliccinsa. Amsata a taƙaice ita ce, ɓangaren salsalar da ke cikin Amurka, daga shugaban zuwa Samuel Lincoln da ya sauka a 1637, yana tsaye daram a kan takardu. Inda ake da ɗan saɓani shi ne tsallaken teku, wato wane gida ne takamaimai Samuel ya fito a Ingila. Zan bi maka su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da Lincoln ya sani da kansa

A watan Disamba na 1859, lokacin da ake shirin tsayar da shi takara, wani abokinsa Jesse Fell ya roƙe shi ya rubuta ɗan tarihin rayuwarsa. Abin da ya faɗa game da asalinsa bai wuce layi kaɗan ba. Ya ce iyayensa haifaffun Virginia ne daga gidajen da ba wasu sanannu ba. Ya ce kakansa na wajen uba, wanda shi ma Abraham ne sunansa, ya tashi daga gundumar Rockingham ta Virginia zuwa Kentucky wajen 1781 ko 1782, kuma 'yan asalin ƙasar sun kashe shi yana cikin sharar gona. Ya ce kakannin kakan nasa 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne da suka zo daga gundumar Berks ta Pennsylvania. Daga nan iliminsa ya tsaya.

Sai ya ƙara wata magana da nake so ɗalibanka su ji. Ya ce an yi ƙoƙarin haɗa danginsa da 'yan gidan Lincoln na New England, wato yankin arewa maso gabashin Amurka da Massachusetts ke ciki, amma abin da aka samu bai wuce kamanceceniyar sunaye ba, irin su Enoch, Levi, Mordecai, Solomon da Abraham. Ka lura, gidan Lincoln na New England gida ne na manya. Sun fitar da babban lauyan gwamnati a zamanin shugaba Jefferson, wato Levi Lincoln, sun fitar da gwamnan Massachusetts, Levi ƙarami, da gwamnan Maine, Enoch. Ɗan siyasa mai neman kujera ya samu dama ya jingina da irin wannan gida, amma ya ƙi, saboda ba shi da hujja. Tun 1848 yana ɗan majalisa ya yi musayar wasiƙu da wani Solomon Lincoln na garin Hingham a Massachusetts kan wannan batu, ba su cimma komai ba. A watan Satumba na wannan shekarar ma ya je yaƙin neman zaɓe a Massachusetts, har ya ci abinci a gidan Levi ƙarami a Worcester. Mutum biyu a kan teburi ɗaya, kakansu ɗaya, babu wanda zai iya tabbatar da haka a cikinsu.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, kuma wannan ita ce ƙa'ida ta farko a aikin salsala. Ba a farawa daga sama, a ɗauko wani mai suna irin naka a Ingila a jawo shi ƙasa. Daga wanda aka sani ake farawa, a nemi takardar da ta ce wane ɗan wane ne, a hau mataki ɗaya, sannan a sake nema. Haka masu bincike suka yi bayan an kashe Lincoln a 1865.

Matakan, daga ƙasa zuwa sama

An haifi shugaban ran 12 ga Fabrairu, 1809, kusa da Hodgenville a Kentucky. Mahaifinsa Thomas Lincoln, kafinta kuma manomi, mahaifiyarsa Nancy Hanks. Ko wannan mataki na farko sai da aka yi ta surutu a kansa, abokan hamayya suna yaɗa cewa iyayen ba su yi aure ba, domin an duba a gundumar Hardin inda aka haife shi ba a ga komai ba. Ashe ba a can aka ɗaura auren ba. A 1878 aka tono takardar a kotun gundumar Washington, a garin Springfield na Kentucky. An ɗaura shi ran 12 ga Yuni, 1806, wani fasto mai suna Jesse Head ne ya ɗaura. Shekara 13 ke nan bayan rasuwar ɗan da aka yi ta jifa da ƙazafin. Wannan yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna, kuma darasi ne ga mai bincike: rashin ganin takarda a ma'ajiya ɗaya ba ya nufin babu ita.

Mahaifin Thomas shi ne Kyaftin Abraham Lincoln, wanda aka haifa a 1744. Takardun filaye sun nuna shi da matarsa Bathsheba sun sayar da gonarsu ta Virginia a 1780, sannan sunansa ya fara bayyana a takardun mallakar filaye na Kentucky, wani wurin a rubuce "Linkhorn". A watan Mayu na 1786 yana aiki a gona tare da 'ya'yansa maza uku, Mordecai, Josiah da Thomas, aka harbe shi daga cikin daji. Josiah ya ruga neman taimako, Mordecai ya shige bukka ya ɗauko bindiga, Thomas kuma, yaro ɗan shekara 8, ya tsaya a kan gawar mahaifinsa. Da wanda ya yi harbin ya fito ya nufi yaron, sai Mordecai ya harbe shi ta tsakanin katakan bukkar. Ya kamata ɗalibai su san cewa wannan ƙasa da ake sharewa ƙasar farautar mutanen nan ce, kuma rikicin shekaru ne aka yi a kanta, jini ya zuba ta kowane ɓangare.

Lincoln ya ji wannan labari sau ba adadi daga bakin mahaifinsa, amma duba yadda labarin baka yake: ya riƙe gundarin abin daidai, sai ya zame a lissafi. Shi a saninsa wajen 1784 abin ya faru, mahaifinsa na da shekara 6. Takardun kotu su suka gyara shekarar. Haka maganar Quaker. Gidan Lincoln sun zauna cikin 'yan Quaker a Pennsylvania, sun yi auratayya da su, har da gidan Boone, dangin mashahurin mafaraucin nan Daniel Boone, amma layin da shugaban ya fito ba 'yan ɗariƙar ba ne. Na sha ganin haka a aikina. Labarin kaka yakan yi gaskiya a kan suna da wuri da abin da ya faru, ya yi rauni a kan shekara. Kada a yar da shi, kada kuma a rantse a kansa.

Wannan kisa shi ne amsar tambayarka ta yadda aka yi zuri'ar masu filaye ta koma bukkar katako. Kyaftin Abraham ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma dokar Virginia ta lokacin, wadda Kentucky ke ƙarƙashinta, tana ba ɗan fari filayen gaba ɗaya. Mordecai ya kwashe, Thomas ya tashi yana aikin ƙwadago a gonakin mutane, ba makaranta. Wanda zai ba shi labarin kakanni an binne shi tun yana yaro. A nan igiyar ta tsinke. Daga baya Thomas ya samu gonakin kansa, sai rikicin takardun filaye na Kentucky ya dame shi, ya ƙaura zuwa Indiana a 1816, sannan Illinois a 1830.

Mataki na gaba shi ne John Lincoln, wanda masu bincike ke yi wa laƙabi da John na Virginia don bambanta shi da sauran masu sunan. An haife shi a 1716, ya rasu a 1788. A 1768 ya sayi eka 600 a bakin rafin Linville a kwarin Shenandoah, daga baya ya yanka wa ɗansa Abraham wani yanki a rubuce. To mene ne ya haɗa wannan John da Pennsylvania? Fili ne. Mahaifinsa, Mordecai na biyu, ya rasu a 1736 a yankin da daga baya ya zama gundumar Berks, kuma a wasiyyarsa ya bar wa John eka 300 a New Jersey. Bayan wasu shekaru John ya sayar da wannan fili, takardar cinikin ta ambace shi a matsayin masaƙi mazaunin Pennsylvania, ɗa kuma magajin Mordecai. Irin wannan takarda ce mai bincike yake kwana yana nema, domin layi ɗaya ya haɗa suna, sana'a, gari da uba.

Shi Mordecai na biyu, an haife shi a 1686 a Massachusetts. Shi da ƙanensa Abraham suka bar gida suka sauka a gundumar Monmouth ta New Jersey, inda ya auri Hannah Saltar, 'yar masu filaye, daga nan ya wuce Pennsylvania ya shiga harkar narka ƙarfe. Mahaifinsu, Mordecai na farko, maƙeri ne a garin Scituate mai ma'aikatar ƙarfe da wuraren niƙa. Da ya rasu a 1727, wasiyyarsa ta ba Mordecai da Abraham kuɗi, filaye kuma ta ba 'ya'yan da ke gida, abin da uba yake yi wa 'ya'yan da suka yi nisa. Ga sunaye biyu na wa da ƙane sun dace, ga sana'ar ƙira ta bi su, ga shekaru sun yi daidai. Har sunan Abraham an san ta inda ya shigo gidan: matar Mordecai na farko, Sarah, 'yar wani Abraham Jones ce na garin Hull. Sunan kakan wajen uwa aka yi wa yaro takwara, ya yi ta gangarowa har fadar shugaban ƙasa.

Mordecai na farko kuwa, rajistar garin Hingham ta Massachusetts ta nuna an haife shi a 1657, ɗan Samuel Lincoln da Martha. Ka ƙirga: Samuel, Mordecai, Mordecai, John, Abraham, Thomas, Abraham. Tsara bakwai, shekara 172 daga saukar Samuel zuwa haihuwar shugaban, kuma kusan kowace tsara sai ta tashi ta ƙara gaba neman fili.

Thomas huɗu a gari ɗaya

Bari in tsaya a Hingham kaɗan, domin nan ne tarkon da ke kama sababbin masu bincike. A shekarun farko na garin akwai manyan mutane har huɗu masu suna Thomas Lincoln. Magatakardan garin da kansu sai da sana'a suke bambanta su, kamar yadda za ka ji Audu Maƙeri da Audu Tela a unguwa ɗaya: akwai Thomas masaƙi, Thomas mai niƙa, Thomas mai haɗa gangunan katako, da Thomas manomi. Masaƙin shi ne yayan Samuel. Ya riga shi zuwa, ya rasu a 1675 bai bar ɗa ba, dukiyarsa ta koma ga Samuel da 'ya'yansa, kuma wasiyyarsa ce ta tabbatar da 'yan'uwantakar. Janar Benjamin Lincoln, wanda ya karɓi takobin miƙa wuya na sojojin Birtaniya a Yorktown a 1781, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, daga zuri'ar mai ganguna ya fito. Za ka ga shafuka a intanet suna cewa kakan shugaban ne ko baffansa. Ba haka ba ne.

Ni ma wannan tarko ya taɓa kama ni. Ina bin wani gida da ya yi ƙaura daga gabashin Ingila, na samu baftismar wani yaro mai sunan da nake nema, a ƙauyen da nake zato, a shekarar da ta dace. Na yi murna, na gina tsara uku a kansa, na yi makonni ina tattara bayanan iyayensa da kakanninsa. Wata rana ina duba shafukan jana'iza na rajistar don wani dalili dabam, sai ga sunan yaron, an binne shi yana da shekara uku. Wanda ya tsallaka teku ɗan baffansa ne mai suna iri ɗaya. Tun daga ranar ba na karɓar baftisma sai na bi shafukan jana'iza na shekaru ashirin bayanta, na tabbatar yaron ya rayu kuma ya ɓace daga ƙauyen a lokacin da ya bayyana a can ƙetare.

Tsallaken teku

Tsakanin 1630 da 1640 mutum wajen 20,000 suka bar Ingila zuwa New England, akasarinsu masu ra'ayin tsarkake coci da suka saɓa da sarki Charles na ɗaya da manyan limamansa. A yankin Norfolk da ke gabashin Ingila, bishop Matthew Wren na Norwich ya matsa wa irin waɗannan fastoci lamba, ga kuma kasuwar saƙa ta ja baya. Ƙauyen Hingham na Norfolk ya kwashi rabonsa: mutanensa suka yi ta tafiya har sabon garin da suka zauna a Massachusetts aka sa masa sunan tsohon a 1635, kuma a 1638 fastonsu Robert Peck ya bi su a jirgin Diligent da mutum fiye da ɗari. Gwamnati ta so ta san su wa ke fita, sai ta sa ana rubuta matafiya a tashar jiragen ruwa. Wannan sa-ido na hukuma shi ya zame mana alheri yau.

A rajistar ran 8 ga Afrilu, 1637, an rubuta wani masaƙin Norwich mai suna Francis Lawes da matarsa da ɗansa da barorinsa biyu, za su tashi daga Great Yarmouth. Ɗaya daga cikin barorin shi ne Samuel Lincoln, yaron da ke koyon saƙa a hannunsa, an rubuta shekarunsa 18. Sun sauka a Boston ran 20 ga Yuni. Samuel ya ɗan zauna a Salem tare da ubangidansa, sannan ya koma wajen yayansa a Hingham. Daniel Cushing, magatakardan garin, ya bar jerin waɗanda suka zo daga tsohuwar Hingham da kewayenta, kuma Samuel na ciki. Ya auri Martha, suka haifi 'ya'ya 11, yana raye aka gina majami'ar Old Ship a 1681, wadda har yau take tsaye ana ibada a cikinta, ya rasu ran 26 ga Mayu, 1690.

Ga inda gizo ke saƙar. A rajistar majami'ar St Andrew da ke Hingham ta Ingila akwai baftismar Samuel ɗan Edward Lincoln ran 24 ga Agusta, 1622. In shi ne, to shekararsa ba ta cika 15 ba lokacin tafiyar, alhali takardar jirgi ta ce 18, kuma bayanan rasuwarsa a Amurka sun ba shi shekara 71, wanda ya kai haihuwarsa wajen 1619. Tazarar shekara uku ke nan. Masana sun kawo bayani uku. Ko dai an ƙara masa shekaru a tasha don kada a hana shi tafiya, ƙarin kuma ya bi shi har tsufa. Ko an jinkirta yi masa baftisma, abin da ba a saba ba a zamanin da ake kai jariri coci cikin 'yan kwanaki, amma yakan faru. Ko kuma Samuel biyu ne, domin masu sunan Lincoln sun yi yawa a wannan yanki na Norfolk.

Ni a ganina bayani na farko ko na biyu ya fi ƙarfi, kuma mafi yawan masu bincike a kan haka suke. Mutanen wancan zamani ba sa riƙe ranar haihuwa yadda muke yi, kuma shekarun da ake rubutawa a tasha ko a ranar jana'iza sau da yawa kintace ne. Ga shaidar Cushing, wanda ɗan tsohuwar Hingham ne da ya san gidajen. Amma in kana koyarwa, ka bambanta darajar hujjojin biyu. Cewa Samuel daga Norfolk ya zo, daga Hingham ko kewayenta, tabbas ne. Cewa shi ne ɗan Edward na 1622, rinjayen zato ne mai ƙarfi. Babu takarda ɗaya da ta faɗi haka kai tsaye.

In aka karɓi Edward a matsayin uba, sai labarin ya ƙara daɗi. A 1909, shekara ɗari da haihuwar shugaban, masu bincike biyu, J. Henry Lea da J. R. Hutchinson, suka fitar da abin da suka tono a takardun Ingila. Mahaifin Edward, Richard Lincoln, mai abin hannu ne a ƙauyen Swanton Morley. Ya yi aure sau huɗu, ɗaya bayan ɗaya, Edward kuma ɗan matar farko ne. Da Richard ya zo rubuta wasiyya sai ya fifita matarsa ta ƙarshe da 'ya'yanta, ya tsallake ɗan fari. Ya rasu a 1620, rikicin 'yan ubanci ya kai gaban kotun Chancery a Landan, kuma takardun wannan shari'a su suka bayyana wane ɗan wane ne a gidan. Edward ya ƙare rayuwarsa a Hingham da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, 'ya'yansa suka shiga koyon sana'a, suka shiga jirgi. Gado ya kore su daga Ingila, gado ya sake talauta Thomas a Kentucky bayan shekara 166. A 1919 jakadan Amurka John W. Davis ya buɗe mutum-mutumin kan Lincoln a cikin majami'ar St Andrew, yana nan a jikin bango.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa, da iyakarsa

Ba wai Turawan Ingila sun fi kowa riƙe sunayen kakanni ba ne. Ka ga Lincoln bai wuce kakansa ba, alhali dattijo a gidan sarauta ko gidan malamai a wajenmu zai jero maka bakwai da ka. Abin da suke da shi takarda ce da hukuma ta tilasta. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin sarki Henry na takwas, ya umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Daga 1598 aka ce a kwafe su a kan fata, a kuma riƙa aika kwafi ga bishop, shi ya sa in ta ƙauye ta ruɓe akan samu ta bishop. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa sai 1 ga Yuli, 1837 ta fara, ƙidayar farko mai sunayen kowa kuma 1841. A Amurka ƙidayar 1790 sunan maigida kawai take ɗauka, sai 1850 aka fara rubuta duk 'yan gida, ban da bayi. Saboda haka a ƙarni na 17 da na 18 wasiyya da takardar fili da shari'ar gado su ne ginshiƙi. Na Norfolk suna ma'ajiyar takardu ta Norwich, na kotunan ƙasa suna Kew a Landan, kuma da yawa yanzu ana ganin hotunansu a shafukan intanet na binciken salsala, FamilySearch da Ancestry. Amma ka yi hattara da jadawalin zuri'a da mutane ke ɗorawa a can, kwafe-kwafe ne, kuskuren mutum ɗaya sai dubu su maimaita. Hoton takardar asali za ka nema, gani ya kori ji.

Sai kalanda. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila da yankunanta ran 25 ga Maris take farawa, kuma a Satumbar wannan shekara aka tsallake kwana 11. Shi ya sa George Washington, da aka rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairu, 1731, yanzu ake cewa 22 ga Fabrairu, 1732. Duk kwanan watan da ya faɗo tsakanin Janairu da Maris a tsohuwar takarda sai an duba shi sau biyu.

Takarda kuma tana bin dukiya ne, wanda ba shi da ita yakan ɓace. Mata ne suka fi shan wannan. Asalin Nancy Hanks an fi shekara ɗari ana gardama a kansa, sai a 2015 gwajin ƙwayoyin halitta da ake gada ta wajen uwa ya ƙarfafa cewa 'yar Lucy Hanks ce, amma mahaifinta babu takardar da ta ambace shi. Bayi kuwa abin ya fi muni. Reshen gidan Lincoln da ya tsaya a rafin Linville, zuri'ar Jacob ƙanen Kyaftin Abraham, sun mallaki bayi, a daidai lokacin da ɗan'uwansu yake sa hannu a takardar 'yanta bayi ta 1863. A ƙidayar 1850 da 1860 bayi ba su da suna, shekaru da jinsi da launi kawai ake rubutawa a ƙarƙashin sunan mai su. Sai 1870 aka fara rubuta sunayensu. Jikokinsu da ke neman asalinsu yau a wannan bango suke cin karo, kuma sau da yawa wasiyyar ubangijin ce kaɗai wurin da za su ga sunan kakarsu, a jere da dawaki da kayan ɗaki.

Ɗalibanka za su tambaye ka ko akwai jikokin shugaban a yau. Ya auri Mary Todd a 1842, suka haifi maza huɗu, uku suka rasu da ƙuruciya: Edward a 1850, William a 1862, Thomas da ake kira Tad a 1871. Robert kaɗai ya girma ya yi iyali. Shi ne ya koma Ingila a matsayin jakadan Amurka daga 1889 zuwa 1893, kuma a can Landan ɗansa namiji tilo, Abraham na biyu, ya rasu a 1890 yana da shekara 16. Da shi sunan ya tsaya a wannan reshe. Ta wajen 'ya'yan Robert mata zuri'ar ta ɗan ci gaba har zuwa Robert Todd Lincoln Beckwith, tattaɓa-kunnen shugaban, wanda ya rasu a watan Disamba na 1985, kuma shi ne na ƙarshe da babu jayayya a kansa. Zuri'ar Samuel kuwa ta sauran 'ya'yansa da jikokinsa tana nan da yawa a faɗin Amurka, wasu da sunan Lincoln, mafi yawa da wasu sunayen da aure ya kawo.

In za ka kai wannan aji, ina ba ka shawara ka rubuta sunaye bakwai ɗin a allo daga ƙasa zuwa sama, a gefen kowane mataki ka sa irin takardar da ta riƙe shi: takardar aure ta 1806, cinikin gona na 1780, eka 600 na 1768, wasiyyar 1736, wasiyyar 1727, rajistar haihuwa ta 1657, takardar jirgi ta 1637. Layin da ya haɗa Samuel da Edward ka ja shi da ɗigo-ɗigo, ka bar yaran su faɗi dalili. Allah ya taimaka, ya sa albarka a karatun.